Ku Tambayi Mai Kwamfuta: Layin Tarho da Katangar Tsaro (daga zamanin Windows XP, lokacin da ake shiga intanet ta layin tarho)

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da kwamfuta a gida mai Windows XP, ta layin tarho nake shiga intanet, irin wanda modem zai kira ya yi ta kururuwa kiii kurrr kafin ya haɗu. To yau kwana uku kenan da na shiga ko minti goma ba a yi sai wani akwati ya fito yana ƙirga sakan 60 wai kwamfutar za ta mutu, kuma wallahi sai ta mutu ɗin. Abokina ya ce in sa fayawol, wato katangar tsaro mai tare masu kutse daga intanet, shi kuma yaron da ya haɗa min ita ya ce mu masu layin tarho ba ruwanmu da wannan, ta manyan ofisoshi ce masu intanet dare da rana. Maganar wa zan ɗauka?
Daga mai karatu a Tudun Wada, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ɗauki ta abokinka. Yaron nan ba wai ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, duk lokacin da ka kira sabon adireshin IP, wato lambar da ake gane kwamfutarka da ita a intanet, ake ba ka, kuma ba ka daɗewa a kai, to daga nan maganar tasa ta samo asali. Amma abin da ya shige maka kwamfuta ai ba kai yake nema ba, bai ma san da zamanka ba, bin lambobi kawai yake kamar ɓarawon da ke bin layi cikin dare yana taɓa ƙyaure ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ji ba sakata ya faɗa. Kuma su ’yan ofis ɗin galibi akwai na'ura tsakaninsu da waje tana tare musu, kai kuwa modem ɗinka kai tsaye ya ajiye ka a bakin titi.

Wannan ƙirgen na sakan 60 sanannen ciwo ne. Ka karanta rubutun cikin akwatin, in ka ga RPC to ƙwayar cutar kwamfuta ce mai suna Blaster wadda ta ɓulla a watan Agustan 2003, ta ƙofa mai lamba 135 take shiga, cikin ƙofofin da kwamfuta ke karɓar saƙo daga intanet ta cikinsu. In kuwa lsass.exe ka gani to Sasser ce ta ƙarshen Afrilun 2004, ita ta 445 take bi, wani ɗalibi a Jamus ya rubuta ta, aka kama shi a watan Mayun shekarar yana ɗan shekara 18. Ba sai ka buɗe imel ko ka danna wani abu ba, shigarka intanet kaɗai ta ishe su. Kafin komai in akwatin ya sake fitowa yi maza ka danna Start, ka shiga Run, ka rubuta shutdown -a ka buga Enter, ƙirgen zai tsaya ka samu damar numfashi.

Yanzu dubawa, kuma ka yi wannan tun kafin ka kira. Danna My Computer da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Properties, ka ga ko an rubuta Service Pack 2, wato SP2, babban gyaran da aka yi wa XP. In akwai, katangar na nan cikin Control Panel da sunan Windows Firewall, ka tabbatar tana kan On, ka leƙa shafin Exceptions ka cire alamar da ke kan File and Printer Sharing tunda kwamfuta ɗaya ce a gidan ba wanda kake rabawa fayil. Amma ina kyautata zaton ba ka da shi, don SP2 da ya fito a Agustan 2004 da katangarsa a kunne yake zuwa, kuma ya toshe ramukan da waɗannan biyun ke bi. Tsohon XP kuwa katangar na ciki amma a kashe, sai ka kunna da hannunka: Control Panel, Network Connections, ka danna dama a kan haɗin da kake kira da shi, Properties, Advanced, ka sa alama a ɗan akwatin da ya fara da Protect my computer.

A nan mutane ke tafka kuskure. Na sha zuwa gyara in tarar an sa alamar a kan Local Area Connection, wanda ko waya ba a soka masa ba, shi kuwa na tarhon da ake shiga da shi kullum an bar shi hanhai. Ka duba hoton haɗin tarhon, in ka yi daidai za ka ga ɗan kwaɗo ya fito a jikinsa.

Kar ka tsaya a nan, gwada daga waje. Kira, ka shiga grc.com ka nemi ShieldsUP na Steve Gibson, ka danna Common Ports. Su za su ƙwanƙwasa ƙofofinka daga can su faɗa maka abin da suka ji, Open wato a buɗe, Closed a rufe amma an amsa sallama, Stealth kuwa shiru kamar ba kowa a gidan, shi ake so, musamman a 135 da 139 da 445.

Sai dai katanga ba ta korar ɓarawon da ya riga ya shige ɗaka. Je kafe ka sauke Stinger na McAfee, manhajar share ƙwayoyin cutar kwamfuta, kyauta ne kuma ɗan ƙarami, ka zo da shi a filashi ya share maka. SP2 ɗin ma a faifan CD za ka nema, cikakkensa ya kai megabait 266, a layin da da kyar yake ba ka kilobait 5 a sakan kusan awa 15 kenan, in ba a ɗauke wuta ba, in kuma ba wanda ya ɗaga kan tarho a falo.

TAMBAYA: Malam tamu Windows 98 ce, ɗana ya sa mata katangar tsaro ta ZoneAlarm, kullum tana ta tambaya in bari ko in hana har ta ishe ni. Sannan kuɗin tarhon watan nan ya zo da kiran ƙasashen waje alhali ba mu kira kowa ba. To ina amfanin katangar?
Daga wata uwa a Gwammaja, Kano

AMSA: Hajiya ki sa wa yaron albarka, Windows 98 ba ta zo da katanga ko ɗaya ba, kuma ZoneAlarm ta ma fi ta XP da abu guda, tana tsare mai fita ba mai shiga kaɗai ba, shi ya sa take damun ki. In sunan manhajar da kika buɗe da kanki ta nuna, kamar Internet Explorer ko Outlook Express, ki bari ki sa alamar ta riƙa tunawa, kwana biyu za ta yi shiru. Sunan da ba ki sani ba ki hana.

Kuɗin tarho kuwa wata matsalar ce daban, kuma katanga ba ta ganin ta. Akwai ’yan manhajoji da ke maƙalewa in yara sun danna Yes a shafukan hotuna ko waƙoƙi, sai su katse layin a ɓoye su sa modem ya kira wata lamba mai tsada a ƙasar waje, ke kina ganin intanet na tafiya lafiya lau. Ki buɗe My Computer, Dial-Up Networking, ki duba ko an ƙara wani haɗi da ba ku kuka yi ba, ki kuma gwada lambar da ke ciki da wadda masu ba ku intanet suka rubuta muku a takarda. A goge baƙon, a bi kwamfutar da Spybot mai kakkaɓe irin waɗannan ɓoyayyun manhajoji, a bar ƙarar modem a kunne don ki ji in ya sake kira da kansa. Ki je ofishin tarho ki nemi a rufe kiran ƙasashen waje a layin, sannan duk sanda aka gama aiki a zare wayar daga bayan kwamfutar, ko da yaran za su yi ƙorafi.