Tambaya da Amsa: Zaɓen Hanyar Keke a Karkara Mai Tuddai

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi keken titi wata huɗu da suka wuce, kuma ina yin kilomita 30 a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba tare da wahala ba. Abokaina sun gayyace ni tafiyar kilomita 30 a cikin karkara mai tuddai. Tunda tsawon ɗaya ne, zan iya bin su? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka amsa gayyatar, ka tambayi abokanka abu guda: mita nawa ake hawa a hanyar gaba ɗayanta? A ƙasa mai tuddai yawan hawa shi ne ma'aunin wahala, tsawo kuwa yana biyo baya ne. Kilomita 30 masu hawan mita 150 tafiyar shan iska ce, amma kilomita 30 masu hawan mita 700 suna iya ɗaukar ninkin lokacin da ka saba, su kuma bar ka da ciwon cinya na kwana biyu. Manhajojin taswira irin su Strava da Komoot suna nuna jimillar hawan kowace hanya tare da zanen tudunta da kwarinta, saboda haka samun wannan adadi ba shi da wuya.

Idan ka samu adadin, sai ka raba shi da yawan kilomitocin. A ganina, hanyar da ba ta kai mita 10 na hawa a kowace kilomita ba ita ce ta dace da sabon shiga irinka. Daga mita 10 zuwa 15 ta mutumin da ya yi wata da watanni yana hawa ce, wanda ya san giyarsa kuma ya san numfashinsa. Abin da ya kai mita 20 ko ya zarce, wannan filin gwanaye ne. Wannan rabo ba doka ba ce da wata hukuma ta kafa, amma yana raba mutum da nadama a tsakiyar daji.

Abu na biyu shi ne tsananin miƙewar tudun, wanda ake auna shi da kashi cikin ɗari. Idan aka ce tudu kashi 5 ne, ana nufin a kowace mita 100 da ka yi gaba ka tashi sama da mita 5. Kashi 3 zuwa 4 kowane mai lafiya zai hau shi a zaune yana hira. Daga kashi 6 zuwa 8 haki yake farawa, idan kuma ya haura kashi 10 to ko wanda ya saba sai ya nemi giya mafi sauƙi. Ka kula da cewa matsakaicin adadi yana ɓoye abubuwa da yawa, domin tudun da aka rubuta masa kashi 5 yana iya ƙunsar ɗan guntun wuri mai kashi 12, kuma a wannan guntun ne ƙafa take sauka ƙasa.

Shawarata ita ce ka fara da hanyar kilomita 20 zuwa 25 wadda ba ta da hawa mai tsawon da ya wuce kilomita ɗaya, wadda kuma tuddanta masu wuya suke a rabin farko, lokacin da ƙafa ba ta gaji ba. Hanyar da take kewayawa ta dawo inda ta faro, mai wurin yanke a tsakiya, ta fi wadda ake zuwa wuri mai nisa a dawo, saboda tana ba ka damar taƙaita tafiyar idan jiki ya ƙi. Idan hanyar abokanka ta wuce wannan ma'auni, ka ba kanka makonni shida ko takwas tukuna.

Tambaya: Shekarata guda ina hawan keke, amma duk lokacin da na zo doguwar hawa sai ƙafafuna su mutu tun ban kai rabi ba, dole in sauka in tura. Laifin keken ne ko nawa? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, mai yiwuwa ne keken yana da nasa kaso, kuma shi ya fi sauƙin gyarawa. Ki ƙirga haƙoran ƙaramin farantin gaba, wanda yake jikin feda, sannan ki ƙirga na babban farantin baya. Kekunan tsere na da sukan zo da 39 a gaba da 25 a baya, wanda yake nufin kowane zagayen feda yana tura ki kimanin mita 3.3. Idan aka sauya zuwa 34 a gaba da 32 a baya, zagaye ɗaya zai koma kimanin mita 2.2. A gudun kilomita 9 a awa, giyar 39 da 25 tana tilasta miki juya feda ƙasa da sau 50 a minti, kina danna ta da dukan ƙarfin cinya da gwiwa, alhali ta 34 da 32 tana ba ki damar juyawa kusan sau 70, nauyin aikin ya koma kan zuciya da huhu waɗanda suka fi tsoka jurewa. Mai gyaran keke zai gaya miki ko na'urar sauya giyarki za ta ɗauki babban faranti.

Kason da yake naki kuma shi ne yadda kike fara hawan. Yawancin mutane suna afka wa gindin tudu da gudun da suka zo da shi, su ƙone ƙarfinsu a mita ɗari biyu na farko. Ki sauya giya tun kafin feda ta yi nauyi, ki zauna a kan sirdi, ki riƙe saurin da za ki iya furta gajeriyar jimla ba tare da numfashi ya yanke ba. Tsayuwa a kan feda tana da amfani a wuri mai tsananin miƙewa ko don miƙe baya, sai dai tana cin ƙarfi, don haka a taƙaita ta. Game da turawa kuwa, kada ta dame ki. A tseren Flanders na ƙasar Beljiyam akwai wani tudu mai suna Koppenberg, tsawonsa kimanin mita 600 ne kawai amma miƙewarsa tana kai wa kashi 22, kuma an sha ganin ƙwararrun 'yan tsere sun sauka suna tura kekunansu a kansa.

Tambaya: Ni hawa ba ta ba ni tsoro, gangara ce take firgita ni. Me zan yi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Tsoronka yana kan hanya, Malam, domin munanan faɗuwa a gangara suke aukuwa. Ka rage gudu kafin ka shiga kwana, ba a cikinta ba, ka sa fedar da take waje da kwanar a ƙasa ka ɗora nauyinka a kanta, idonka kuma yana kallon inda kake son fita. Birkin gaba shi ne yake da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, saboda haka ka koyi matsa shi a hankali tare da na baya, kana ja da jikinka baya kaɗan. A doguwar gangara kada ka riƙe birki ba saki, domin zafi yana taruwa ya rage masa kamu. Ka matsa sosai, ka saki, ka sake matsawa. Hanyar karkara tana da nata haɗurra: yashi da tsakuwar da ruwa ya zubo a kwana, dabbobi, motar noma mai tafiyar hawainiya a bayan tudu. Hanyar da ba ka sani ba, ka gangara ta da saurin da za ka iya tsayawa a iyakar abin da idonka yake gani, kuma hular kwano ba abar bari ba ce.

Tambaya: Na daɗe ina yin kilomita 100 a tuddai, kuma burina in hau ɗaya daga cikin manyan tsaunukan tsere. Amma tuddan da nake samu gajeru ne. Yaya zan shirya? Daga wani mai karatu.

Amsa: Bari mu ɗauki Alpe d'Huez ta ƙasar Faransa a matsayin ma'auni, wadda ta fara shiga gasar Tour de France a 1952. Tsawonta kilomita 13.8 ne, matsakaicin miƙewarta kashi 8.1, tana da kwana 21, kuma ana tashi sama da kimanin mita 1,100. Zakaru sun hau ta cikin ƙasa da minti 40, amma mai son keke da ya yi shiri yakan yi fiye da awa guda yana taka feda babu hutu ko na daƙiƙa goma. Wannan rashin hutu shi ne abin da gajerun tuddai ba sa koyarwa, tunda bayan kowace hawa akwai gangarar da take mayar da numfashi.

Duk da haka kada ka raina tuddanka. Gasar duniya ta tseren titi da aka yi a Kigali ta ƙasar Ruwanda a watan Satumba na 2025, wadda ita ce ta farko a nahiyar Afirka, ta tara hawan fiye da mita 5,000 a cikin kilomita 267.5 na tseren maza, mafi yawansa daga kewaya gajerun tuddai sau da yawa, kuma mahaya 30 ne kawai suka kai ƙarshen tseren, wanda Tadej Pogačar ɗan ƙasar Sloveniya ya lashe. Ka zaɓi tudu mafi tsawo da kake da shi ka maimaita shi sau biyar ko shida, kana juyowa nan take, ka kuma haɗa da rana guda a mako da za ka taka giya mai nauyi na minti 20 zuwa 30 a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba tare da sassautawa ba, zai fi kyau idan iska tana fuskantarka. A ranar hawan kanta ka tafi da riga mai tare iska, domin zafin yanayi yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka tashi, kuma jikin da ya jiƙe da gumi yana saurin ɗaukar sanyi idan aka juyo gangara.