Likita, yaranmu na kwance su kuma sai tambayoyi suke

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Amai da gudawa ya ɓarke a unguwarmu, yara uku aka kwantar a layinmu har da nawa, amma alhamdulillahi ya warware. Sai ga ma'aikatan lafiya gida-gida da takardu, wai ina muke samun ruwa, me yaron ya ci, wace rana ya fara, har ruwan randa suka ɗiba a kwalba suka tafi da shi. Ni dai raina ya ɓaci wallahi, mutane na kwance su kuma suna ta rubutu. Don Allah meye amfanin wannan? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Na fahimci ɓacin ranki, amma ki yi haƙuri, tambayoyin nan su ne za su hana a kwantar da na huɗu da na biyar. Likitan asibiti yaronki yake dubawa, su kuma inda cutar ke fitowa suke nema, in sun jera sunayen waɗanda suka kamu da ranar da kowa ya fara da ruwan da kowa ya sha sai ki ga duk sun haɗu a rijiya ɗaya ko ɗan garuwa ɗaya ko abincin biki ɗaya.

Haka aka yi a Landan a 1854, kwalara ta kashe mutum sama da 600 a unguwar Soho, lokacin ana ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo ta. Wani likita John Snow ya bi gida-gida yana irin tambayoyin da aka yi miki, ya zana gidajen mamatan a taswira, sai ga su sun kewaye famfon titin Broad Street. Har wata dattijuwa da ke zaune nesa da unguwar ta rasu, da aka bincika ashe daga famfon ake kai mata ruwa don daɗinsa take ji. Aka cire hannun famfon.

Na kusa da mu ma ya fi taɓa min zuciya. A 2010 yara suka dinga suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, ana ta ba su maganin maleriya ba sauƙi, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka tura jininsu gwaji aka gano gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gida yara na wasa a ƙurar. Yara wajen 400 aka rasa. Da ba a tsaya an bincika ba da maganin maleriyar za a ci gaba da bayarwa.

To in sun dawo Hajiya ki faɗa musu gaskiya, ko da rijiyar maƙwabci ce kike jin nauyin ambata, ba kama kowa za a yi ba, maganin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta za a zuba mata. Kafin nan ki dinga tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu bayan an fito banɗaki da kafin cin abinci, wanda kuma ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida a wuce da shi asibiti, kar a ce sai gari ya waye, kwalara tana iya kashe babba ma cikin awanni.