Ga mai tambaya a kan furojet ɗin Chaucer da munafunci

Ƙanwata na ga tambayarki, cewa an ba ki batun mutunci da munafunci da zaluntar talaka a adabin Ingila na tsakiyar zamani, kuma malamin da ke duba miki ya ce babinki tarihi ne ba adabi ba. Wallahi da na karanta sai da raina ya ɓaci, don kalmar da aka faɗa min kenan sak lokacin nawa.

Ni dai shawarata kar ki raba abubuwan nan uku babi-babi, tambaya ɗaya za ki riƙe, wa ake yafe wa, wa ke biya. Ɗauki labarin matar Bath a Canterbury Tales, littafin labaran Chaucer, barden sarki Arthur ya yi wa yarinya fyaɗe, hukuncinsa kisa ne, amma sarauniya ta roƙa aka ba shi shekara ɗaya da kwana ɗaya ya nemo abin da mata suka fi so, ƙarshe har ya samu kyakkyawar mata. Ita yarinyar fa? Ko suna ba a ba ta ba, daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba. Sannan ki ajiye Sir Gawain, wani barden Arthur na waƙar Sir Gawain and the Green Knight, a gefensa, shi da kunya ta kusa kashe shi don ya ɓoye koren ɗamara, ya koma fada aka yi dariya kowa ya ɗaura irinta. Mutuncin manya kenan, laifinsu ma ado yake komawa.

Ni nawa malamin, hmm, Allah dai ya isa. Mutumin nan a aji ba shi da magana sai ta amana da gaskiya, amma in ba ka sayi handawut ɗinsa ba ko kallon fayil ɗinka ba zai yi ba. Na saya. Ya riƙe min aiki har abokan karatuna suka gama suka tafi bautar ƙasa, ni ina zaune a baranda ina jiran ya fito daga ofis, in ya fito ya ce yana da mitin. Ranar kare furojet kuma a gaban baƙon malami ya ce bai taɓa ganin babina na boren talakawan Ingila na 1381 ba, alhali jan bironsa na kan kowane shafi, na buɗe baki zan yi magana ya ɗaga min hannu. Kuka na yi a banɗaki ranar, ban ɓoye miki ba. Abin haushin shi ya koya mana Pardoner, mai sayar da takardun yafe zunubi a Canterbury Tales, mai yawo da ƙasusuwan alade a matsayin na waliyyai, yana wa'azi cewa kwaɗayi ne tushen sharri yana tara kuɗin talakawa, kuma bai taɓa jin kamar da shi ake ba.

To maganar tarihi. Kar ki cire shi, ki dai shigo da shi ta bakin littafin. Annoba ta shiga Ingila 1348, ma'aikata suka yi ƙaranci, sai aka yi doka a 1351 ta daskare ladan leburori kamar yadda yake kafin annobar, ga harajin kai sau uku daga 1377, shi ya kawo boren 1381 na su Wat Tyler da John Ball. Wasiƙun John Ball sun ambaci sunan Piers Plowman, manomin da ke cikin waƙar William Langland mai wannan suna, ita ce hujjarki in ya sake cewa ba adabi ba ne. Ki karanta wurin Lady Meed a waƙar Langland, yadda cin hanci ya zama mace mai ado kowa a Westminster yana rububinta, har da malamin coci mai yafe mata zunubi in za ta biya kuɗin gilashin taga. Shi kuwa Chaucer ma'aikacin sarki ne, boren nan layi kaɗan ya ba shi a labarin zakara da dila, cikin raha ma. Wannan shirun nasa kaɗai ya isa babi.

Af, kar ki manta da Prioress, shugabar mata 'yan zuhudu a Canterbury Tales, mai kuka in ta ga ɓera a tarko, tana ba karnukanta gasasshen nama da farin burodi, sannan labarin da ta bayar cike yake da ƙiyayyar Yahudawa. Ni ita ta fi ba ni haushi a kan Pardoner, shi ko ba komai ya faɗi da bakinsa cewa ɗan damfara ne.

Kuma don Allah duk gyaran da ya yi miki ki ɗauki hoto ki ajiye a waya da imel, kar ki miƙa kwafi ɗaya tilo. In kina da Riverside Chaucer, bugun da ya tattara ayyukan Chaucer, ki yi amfani da lambar layinsa, in babu ki yi min magana ta inbos in ga abin da ya rage a wajena.