An ga ƙullutu a bangon tumbina, ko ciwon daji ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 46. Ƙwannafi ya kai ni asibiti, aka zura mini siririn bututu mai kyamara ta baki, wanda ake kira endoskofi, sai aka ga ƙullutu mai faɗin santimita 1.5 a bangon tumbina. An tsinki ɗan nama an gwada, an ce lafiya lau, amma likita ya ce in koma. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ki kwantar da hankalinki, domin yawancin irin wannan ƙaramin ƙullutu ba ya yin illa, kuma da wuya a ce shi ne ya jawo miki ƙwannafi. Sai dai ina roƙonki kada ki saɓa ranar da likita ya ba ki.

Bangon tumbi hawa-hawa ne. Akwai shimfiɗa mai laushi wadda abinci yake taɓawa, can ƙarƙashinta kuma akwai tsoka. Ƙullutun naki daga ƙasa ya tsiro ya turo shimfiɗar sama, kamar goro a ƙarƙashin tabarma, kuma ɗan awartakin da ake tsinkar nama da shi sau da yawa tabarmar kawai yake kamawa, ba ya kaiwa ga goron. Saboda haka sakamakon da aka ba ki bai faɗi asalin ƙullutun ba.

Yana iya zama curin kitse ko na tsoka, waɗanda ba su da haɗari. Wanda likitoci suka fi sa wa ido shi ne mai suna GIST, wanda yake tsirowa daga ƙwayoyin da ke tsara motsin tumbi, domin yana iya rikiɗewa ya zama ciwon daji ya bazu idan ya girma. Ana bambance su da endoskofi mai ɗauke da na'urar hoton sauti a bakinsa, wadda take nuna hawan da ƙullutun ya fito, har a tsotso nama da allura idan da buƙata. Ba kowane asibiti ke da ita ba, don haka ki tambayi likitanki inda za ki samu. Abin da bai kai santimita 2 ba, kuma bai nuna alamar haɗari ba, galibi akan riƙa duba shi lokaci-lokaci. GIST da ya wuce haka akan cire shi da tiyata, wanda ya bazu kuma akwai maganin imatinib, da Amurka ta amince a yi amfani da shi kan GIST a 2002.

Idan kika ga baƙin bayan gida mai kama da kwalta, ko aman jini, ko rama, ko yawan jiri da kasala, ki garzaya asibiti a ranar, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe. Ki kuma adana hotuna da rahoton gwajin farko, domin da su za a gane ko ƙullutun ya ƙaru.