Grant da Fadawansa

Amaryata, saƙonki ya iso. Wai an ba ku aikin auna mulkin Ulysses Grant, shugaban Amurka na 18, ke kuma kina ɗari-ɗarin rubuta aibinsa tunda al'ada ta hana tonon asirin mamaci. Na yi dariya, na kuma yi jim. Ku da kuke yanka rayayyu a Facebook safe da yamma, yau kunyar wanda ya rasu tun 1885 kike ji?

Iyayenmu sukan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma sukan ƙara da cewa sarki ne ke ba bafade wurin zama. Dubi badaƙalar giya ta 1875. Harajin galan ɗaya na wiski santi 70 ne a lokacin. Masu kamfanonin giya a St. Louis da Chicago da Milwaukee suka haɗa baki da masu karɓar haraji: a yi giya da yawa a rubuta kaɗan, takardar shaidar biya a ɓamɓare ta a sake manna wa wata ganga, rarar a raba. Ministan kuɗi Benjamin Bristow ya san ɓeran na cikin gida, sai ya yi bincikensa a asirce, ranar 10 ga Mayu ya kai samame. Aka samu mutum 110 da laifi, aka ƙwato sama da dala miliyan 3. Grant da hannunsa ya rubuta cewa kada mai laifi ko ɗaya ya tsira. Sai zare ya ja har kan sakatarensa Orville Babcock, wanda suka sha yaƙi tare. A Fabrairun 1876 shugaban ƙasa guda ya zauna a fadarsa ya yi rantsuwa ya wanke yaronsa, aka karanta a kotu, Babcock ya fita salin alin. Ba a kama Grant da ko sisi ba, amma a inuwarsa aka ci.

To, mutumin nan dai shi ne a 1871 ya tura sojoji kan 'yan Ku Klux Klan masu kashe baƙaƙen fata don hana su zaɓe, har ya ba da damar tsare mutane ba tare da kai su kotu ba a gundumomi tara na Karolina ta Kudu. Shi ne kuma a zamaninsa aka ƙwace wa ƙabilar Lakota, 'yan asalin ƙasar Amurka, duwatsun Black Hills saboda zinariya, duk da yarjejeniyar 1868 da ta bar musu yankin.

Ki ware abin da ya yi da hannunsa daban, abin da aka yi da sunansa daban, ki kuma duba wa ke riƙe da ma'auni. A 1948 masana tarihi sun ajiye shi na biyu daga ƙasa a jerin shugabannin Amurka, a ƙuri'ar masana da gidan talabijin na C-SPAN ya shirya a 2021 ya hau na 20, alhali yana kwance a kabarinsa.

Batun al'ada kuwa, kishiyarki ta ce ki zo hutu ku yi ta. Ki taho mini da goro.