Zango a Bakin Dam: Amsar Wasiƙun Masu Karatu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a jihar Texas ta Amurka, ni da maigidana da yara uku, babbar shekararta tara, autan kuma bai cika uku ba. Muna son mu yi hayar motar tafi-da-gidanka, irin wadda suke kira RV, mu je mu kwana huɗu a bakin ruwa idan an yi hutun makaranta. Maigidan ya nace sai filin da ke daf da ruwa, ni kuma gabana na faɗuwa. Ta yaya ake zaɓen wurin da ya dace? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki gaida maigidan, ki ce masa a wannan karon ina bayanki.

Abin da ya kamata ki fara sani shi ne, kusan duk manyan tafkunan Texas da na jihohi da yawa ba tafkunan asali ba ne, kogi ne aka datse. Ruwan dam kuwa yana da masu shi, kuma ba don 'yan yawon buɗe ido suka tara shi ba. Wani an gina shi don tare ambaliya, wani don noman rani, wani don wutar lantarki. Dam ɗin tare ambaliya yakan cika ya batse bayan ruwan bazara, har filayen kwana na ƙasa-ƙasa su nutse a rufe su. Na noman rani kuma janyewa yake yi a ƙarshen lokacin zafi. Dubi tafkin Mead da ke bayan madatsar Hoover, tsakanin Nevada da Arizona: a Yulin 2022 ya sauka zuwa kusan ƙafa 1,040 sama da teku, wanda bai taɓa yi ba tun da aka cika shi a shekarun 1930, har wuraren sauke jiragen ruwa da dama suka koma kan tudu.

Ni ma na taɓa cin wannan tuwon. Na kama fili a wani dam saboda hoto, ruwa shuɗi yana lasar gindin teburin cin abinci. Muka isa a ƙarshen Agusta, sai ga fako ya tsattsage, bayansa taɓo baƙi mai wari, ruwan kuma can nesa kamar kawalwalniya. Ɗana ya sheƙa da gudu, taɓon ya haɗiye takalminsa ɗaya, har yau yana can. Tun daga ranar ba na biyan kuɗi sai na duba matakin ruwan na makon, ko na buga waya ofishin wurin na tambaya: "Yau taku nawa ne daga fili lamba kaza zuwa ruwa?"

Game da autanku, ga shawarata. Ku ɗauki fili a layi na biyu ko na uku, inda kuna hango ruwa amma sai an taka kafin a kai. Yaro ɗan shekara biyu ba ya sallama idan zai fita, kuma gaɓar dam ba ta da tabbas: ka yi taku uku ruwa iya gwiwa, na huɗu ka faɗa tsohuwar hanyar kogi. Ku nemi zangon da ke da wurin wanka da aka kewaye da igiya, amma kada ki ɗauka akwai mai gadin ruwa, galibi babu. Kowane yaro ya sa rigar hana nutsewa daidai jikinsa. A wasu tafkunan akwai allon da ake rataye su a ara kyauta, sai dai ban yarda uwa ta dogara da sa'a ba, ki zo da naku. Idan kuka ga ruwa ya yi kore shar kamar an zuba fenti, gansakuka ce mai iya zama guba, kada kowa ya shiga. Ƙasan madatsa kuwa, inda ake sako ruwa, ku bar wa masunta. Da an busa jiniya, ruwa na iya hawa cikin 'yan mintoci.

Yanzu motar. Kafin ki buɗe shafin kama wuri, ki tambayi masu hayar tsawonta da tsayinta da irin wutar da take sha, ki rubuta a takarda. Kowane fili an rubuta iyakar tsawon motar da zai ɗauka, kuma mota mai ƙafa 30 ba ta shiga filin ƙafa 25 ko da lallami. Tunda wannan ne karon farko na maigidan, ku nemi filin da ake shiga ta gaba a fita ta gaba. Shiga da baya da wannan ƙatuwar mota, da magariba, matarka na ɗaga hannu kana ganin rabinta a madubi, reshen bishiya na kartar rufi, ya sa ma'aurata da yawa kwana ba sa magana.

Wutar iri biyu ce, amp 30 da amp 50. Ta 30 tana ba da wat 3,600, wato na'urar sanyaya ɗaki ɗaya da ɗan abin da ba a rasa ba. Kika haɗa da butar lantarki da na'urar ɗumama abinci, sai wuta ta ɗauke. Ta 50 tana kaiwa wat 12,000. A zafin Texas, fili mai wuta da inuwar yamma ya fi fili mai kyan kallo. Ba kowane fili ke da bututun zubar da ƙazanta ba, don haka ki tabbatar zangon yana da wurin juye tanki a hanyar fita.

Inda za ku nema: rundunar injiniyoyin sojan Amurka tana kula da tafkuna da koguna sama da 400 a jihohi 43, kuma zangonninta sukan fi na 'yan kasuwa fili da sauƙin kuɗi. Ana kama su a shafin intanet na Recreation.gov, yawanci tun wata shida kafin ranar. Dokarsu ita ce shiru daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, kuma ba a wuce kwana 14 cikin kwana 30. Ƙarshen makon 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin kan Amurka, tun a lokacin sanyi ake cinye shi. Idan aikin maigidan zai bari, ku shiga Lahadi ku fita Alhamis. A taswirar zangon kuma ku nisanci wurin sauke jirage, don masunta tun asuba suke tada inji.

Tambaya: Malam, mu tanti muke da shi, kuma gandun dajin Yellowstone muke hari. Mu kwana a cikin gandun ko a waje? Daga wani mai karatu a Ohio.

Amsa: Ɗan'uwa, idan ka samu wuri a ciki, kama shi, domin gandun faɗi gare shi, kuma layin motoci a ƙofa yakan cinye safiya. Amma kada ka nufi zangon Fishing Bridge. Shi kaɗai ne mai wuta da ruwa da bututun ƙazanta a gandun, sai dai motoci masu jiki mai tauri kawai ake karɓa, ban da tanti, saboda dabbar beyar da ke yawo a yankin. A sauran zangonnin, abinci da tukwane da ma man goge baki duk a kulle suke kwana, cikin mota ko akwatin ƙarfen da aka tanada, ba a cikin tanti ba. Ka kuma zo da barguna masu kauri. Mafi yawan gandun yana sama da ƙafa 7,000, kuma ko a watan Yuli dare na iya yin sanyin da za ka tarar da raɓa ta daskare a kan tantinka da safe.