Kada ka zubar tukuna, amma kada ka ɗura a kwalba

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don abin da ya same ni ke nan shekarar da na fara dafa giyar alkama a nan Beljiyam. Ka ce bayan kwana 12 farar yana ta rufe saman bokitin, ga tsami, ko ka zubar ko ka ɗura a kwalba haka nan. Don Allah kada ka ɗura.

Ni ɗurawa na yi. Wani abokin aikina ne ya ara mini bokitin roba, bai faɗa mini giya mai tsami yake yi a ciki ba. Cikin bokitin duk karce, kuma a cikin karcen nan Brettanomyces, wani yis na daji, ke maƙalewa, da wuya wanki ya fitar da shi. Da na ga yanar na kira shi, ya ce ba komai, in ɗura. Lita 20 cur, a kwalabe marasa kauri. Bayan wata biyu, ƙarfe ukun dare muka ji kamar harbin bindiga a ɗakin ajiya. Ɗaya ta fashe ta farfasa na kusa da ita. Da safe a cikin takalmin makarantar ɗiyata na tsinci gilashi. Da ta zura ƙafa fa? Na sami abokin da maganar, ya yi dariya, wai kowa da haka ya koya. Ko haƙuri bai ba ni ba, har yau abin na ci mini rai.

Wannan yis na daji yana cinye sukarin da yis ɗinka ya bari, a hankali, wata da watanni, iskar gas ɗin da yake fitarwa kuwa ba ta da mafita a kwalba. Ka sami ma'aunin sukari. Sai lambar ta tsaya wuri ɗaya na makonni da yawa kafin ka nemi kwalba, ita ma mai kauri irin ta shamfen.

Ɗanɗana. In tsamin kindirmo ka ji, ƙwayar bakteriyar Lactobacillus ce, giyarka na da rai. Farar giyar garin Hoegaarden na Beljiyam ta dā ma, kafin Pierre Celis ya farfaɗo da ita a 1966, tana da ɗan tsami. In kuwa yana yankar maƙogwaro kamar binega, iska ta shiga, ba gyara. Funfuna kore ko baƙi mai gashi, zubar nan take. Ka daina buɗe murfin kullum kana leƙe.

Ranar da na shiga Cantillon, gidan dafa giya mai tsami a unguwar Anderlecht ta Brussels, na ga faffaɗan kaskon tagullar da suke barin ruwan ya kwana a buɗe ƙarƙashin rufi, sai na tuna tukwanen burkutun kakata a Filato, har hawaye suka zubo mini. Ita ma iska da tsohuwar tukunya ke yi mata aiki. Amma nata cikin kwana biyu ake shanyewa, su kuwa a watannin sanyi kaɗai suke dafawa, giyar ta zauna a gangar katako har shekara 3.

Kuma in giyarka ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, kada ka tsorata, ƙwayar bakteriyar Pediococcus ce, Brettanomyces kan narkar da yauƙin bayan watanni. Juye ta a tulun gilashi, ka cika shi har wuya. Bokitin nan da tiyonsa kuwa kada su sake taɓa giyar alkamarka. Faɗa mana warin da kake ji in ka kai hanci.